Daga Gurmi Zuwa Fiyano: Idan Ɗanki Ya Ce Kiɗa Yake So

A garuruwanmu na kudancin Katsina, daga Ruwan Godiya zuwa Faskari, daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa, da wuya yaro namiji ya girma bai taɓa ɗaukar gwangwanin madara ko na kifi ya soka masa kara, ya ɗaura zare, ya zauna gindin bishiya yana kaɗawa ba. Yawancinmu dariya muke yi mu wuce. Dariyar takan ƙare ne ranar da yaron ya kai shekara 15, ya zo ya ce shi fa fiyano yake son koya a wani situdiyo a Funtuwa, ko kuma maƙwabciya ta shigo ta ce an gan shi yana bin mai gurmi ranar kasuwa. A nan gaban uwa yake faɗuwa. Maroƙi zai zama? Karatun fa? Wa zai ba shi 'ya?

Duk tambayoyi ne masu nauyi, kuma babu uwar da za a ga laifinta don ta yi su. Amma kafin ki yanke hukunci, uwargida, yana da kyau ki san mene ne abin da ke hannun yaron nan, inda danginsa suka kai a duniya, da kuma inda haɗarin yake a zahiri.

Ɗan'uwan gurmi da ya ƙetare teku

Gurmi ƙoƙo ne da aka rufe da fata, aka soke shi da sanda, aka ɗaura masa tsirkiya. Danginsa suna da yawa a ƙasar Hausa: ga molo, ga garayar maharba, ga kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Masu bincike sun ƙirga irin waɗannan kayan kiɗa fiye da 60 a Afirka ta Yamma, kowace ƙabila da nata.

A zamanin cinikin bayi, mutanen da aka kwasa daga yankinmu zuwa tsibiran Karibiyan da Amurka ba su tafi da komai a hannu ba, amma sun tafi da sanin yadda ake haɗa duma da fata da sanda. Da suka isa sai suka ƙera abin da suka sani. Wani likita Bature mai suna Hans Sloane, wanda ya je Jamaika a 1687, ya ga bayi suna kaɗa irin wannan abu, har ya sa hotonsa a littafinsa da ya fito a 1707. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, shi ma ya rubuta cewa daga Afirka baƙaƙen fata suka zo da shi. Wannan abin kiɗa shi ne ake kira banjo a yau.

Masana sun fi ganin kamarsa da akonting na ƙabilar Jola da ke Gambiya da Sanagal, musamman ta yadda ake bugun tsirkiyar. Amma duk gida ɗaya ne. Idan kika ajiye gurmi kusa da tsohon banjon duma, ba sai an gaya miki 'yan'uwa ba ne. Daga baya masana'antun Amurka suka canza dumar da zoben katako da ƙarfe, suka sa tsirkiyar waya, muryarsa ta ƙara kaifi, har mutane da yawa suka manta daga inda ya fito.

Mutum biyu da ke riƙe da ƙungiya

A farkon ƙarni na 20, a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka, jikokin waɗancan bayi suka fito da wani sabon kiɗa da ake kira jaz. Kiɗan unguwa ne: na biki, na rawa, na rakiyar gawa, na yawon gari. Ƙungiyoyin ƙanana ne, mutum biyar zuwa bakwai. Masu busa suna gaba, su ake gani, su ake tafa wa. A baya kuwa akwai mutum biyu da idan babu su komai zai watse: mai banjo da mai fiyano. Su ne ke riƙe da taki, kamar yadda 'yan amshi da ƙananan makaɗa suke riƙe wa babban mawaƙi kiɗa ya samu inda zai ɗora murya.

Shahararriyar ƙungiyar nan ta Louis Armstrong, Hot Five, wadda ta fara ɗaukar faifai a Chicago a 1925, ba ta da mai ganga ko ɗaya. Johnny St. Cyr da banjonsa, da Lil Hardin da fiyanonta, su biyu ne suka ɗauki wannan nauyi. An fi son banjo a lokacin saboda muryarsa tana ratsa hayaniya ba tare da lasifika ba.

Akwai abin lura a rayuwar mutanen nan biyu. St. Cyr, duk da sunan da ya yi, yana da sana'ar hannu: magini ne mai aikin filasta, kuma da kasuwar kiɗa ta ja baya, ita ya koma ta riƙe shi. Ita kuwa Lil Hardin mace ce da ta yi karatu, ta iya karanta kiɗa a rubuce, abin da yawancin mazan da take aiki da su ba su iya sosai ba. Mahaifiyarta ba ta son irin kiɗan da take yi, tana ganin na 'yan tasha ne. Lil ta auri Armstrong a 1924, kuma ita ce ta matsa masa ya daina zama yaron wani, ya fito da sunansa. Wani shahararren mai fiyano na wannan zamani, Jelly Roll Morton, tsohuwar da ta raine shi korar sa ta yi daga gida da ta gano irin wuraren da yake kiɗa da dare.

Kin ga ashe fargabar da ke zuciyarki ba a kanki aka fara ta ba. Kuma ki lura da abin da ya sa aka kori Morton: wurin da yake kwana ne, da mutanen da yake cuɗanya da su.

Idan kiɗa ya canza

Mu ma muna da namu da suka riƙe tsirkiya har duniya ta san su. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa ɗan adam nasiha shekaru masu yawa, a kan aure, da haƙuri, da mutuncin talaka mai neman na kansa. Haruna Uji na Haɗejia da gurmi ya yi suna. Hassan Wayam da kukuma. A Jamhuriyar Nijar an yi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, malamin makaranta ne kafin gurminsa ya kai shi ƙasashen Turai. A nan kusa da mu kuwa, Funtuwa ta riƙe Alhaji Mamman Shata, wanda mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Funtuwar dai ita ta ba mu Barmani Coge, wadda da ƙwarya da muryarta ta yi wa mata kiɗan amada, tana zuga su su tashi su nemi na kansu, har ta rasu a 2013.

Fiyano baƙo ne da ya zo daga baya. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera na farko wajen shekarar 1700. Wanda muke kira fiyano a nan kuwa ƙaninsa ne mai aiki da lantarki, wanda a cikinsa aka ɗura muryoyin ganguna da sarewa da sauran kayan kiɗa. Tun a 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗa da irinsa a Yamai, kuma gidajen rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa shi. A Najeriya kuwa finafinan Hausa ne suka buɗe masa ƙofa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kan yadda fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, da yadda fim ɗin Sangaya na 1999 ya sa kowa ya koma wannan salo. Daga nan aka samu waƙoƙin nanaye, sai na siyasa, sai na biki da ake yi wa amarya da sunanta.

Dalilin da ya sa fiyano ya ci kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Da, mai biki sai ya ɗauko mawaƙi da makaɗansa da 'yan amshinsa, ya ciyar da su, ya ba su masauki, ya sallame su. Yanzu mutum ɗaya a ɗaki ɗaya zai haɗa duk waɗannan muryoyi, a tura wa uwar amarya ta WhatsApp. Ranar biki ma sai a ɗauko mai sa kiɗa da lasifikoki da janareta, shi ke nan. Irin wannan ta faru da banjo: da na'urar ɗaukar murya ta inganta, a shekarun 1930 sai jita ta ture shi daga manyan ƙungiyoyi.

Sai dai akwai abin da na'ura ba ta gama iyawa ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Mai kalangu yana matse tsirkiyar a hammata, gangar ta bi muryar magana har ki ji ta kira sunan mutum. Mai goge yana jan sauti ya lanƙwasa kamar kuka. Fiyano kwaikwayo yake yi. Shi ya sa mai fiyanon da ya taɓa zama da masu kiɗan gargajiya, kunnensa daban yake da na wanda bai san komai ba sai maɓallai.

Dandalin da ya yi shiru

A yankinmu ba fiyano kaɗai ya ture mai gurmi ba. Rashin tsaro ya yi nasa. Kiɗan gargajiya a dandali ake koyon sa, da daren farin wata, da wasan kaka bayan an kawar da amfanin gona, da filin dambe da kokawa, da bin kasuwanni daga wannan gari zuwa wancan. Tun da hare-haren 'yan bindiga suka yi tsanani a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, musamman bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, wace uwa ce za ta bar ɗanta ya kai dare a waje? A Satumbar 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar, namu uku na ciki. Biki ya koma na rana, a gaggauta a watse. Iyalai da yawa sun yi ƙaura zuwa Funtuwa da Katsina da Zariya.

Abin da wannan ke nufi shi ne, dattijon da ya iya ɗaura tsirkiyar molo yana nan zaune, yaran da za su koya kuma suna can gari suna kallon waya. Sana'ar da ba a rubuce take ba, idan mai ita ya tafi bai koya wa kowa ba, ta tafi ke nan.

Mutanen New Orleans sun taɓa tsayawa a irin wannan gaɓa. Wani mai banjo, Danny Barker, ya yi shekaru yana kiɗa a New York. Da ya koma gida a 1965 sai ya tarar matasa sun juya wa kiɗan kakanninsu baya, suna ganin na tsofaffi ne. A 1970 ya tara yaran unguwa a ƙarƙashin wani coci mai suna Fairview, da sanin iyayensu, yana koya musu. Kiɗa kawai bai tsaya a kai ba, har da zuwa a kan lokaci, da tsabtar tufafi, da girmama na gaba. Daga cikin yaran da suka ratsa ta wannan ƙungiya akwai Wynton Marsalis, wanda yau yake cikin fitattun masu busa a duniya. Dattijo ɗaya, da yardar iyaye, da wuri mai mutunci: abin da ya ceci kiɗan birni guda ke nan.

Abin da nake gani a matsayina na ma'aikaciyar jinya

Akwai wani haɗari da ba mu cika sa shi a lissafi ba, kuma ya shafi har yaran da ba su taɓa riƙe abin kiɗa ba. Gurmi bai taɓa kurmanta kowa ba. Lasifika kuwa tana iyawa.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gasu masu laushi da ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba, yaro kuwa desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Idan aka kai desibel 100, abin da lasifikar biki take iya kaiwa ga wanda ke kusa da ita, kimanin minti 20 ne kacal a mako. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron kiɗa.

Yanzu ki tuna yadda muke yi a wurin kamu ko yinin biki. Uwa ta goya jaririnta ta shiga fili, ta juya wa lasifika baya don ta huta da ƙarar. Ta huta, amma kunnen wa ta miƙa? Jaririn ba ya iya matsawa, ba ya iya toshe kunne, kukansa ma ba a ji. Yara ƙanana kuma su ne ke zuwa su manne da akwatin don su ji yana girgiza su.

Ga abin da za ki riƙe:

Idan sai kin ɗaga murya kafin wadda ke gefenki ta ji ki, ƙarar ta yi yawa ga yaro. Ki matsa nesa, ko ki bar jaririn a cikin gida wurin wata.

Idan yaro ya dawo daga biki ko situdiyo yana cewa kunnensa na ƙara, ko yana ji kamar an toshe shi, gargaɗi ne. Ya huta da hayaniya. Idan ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu bai daina ba, a je asibiti.

Yaron da yake yawan cewa "iye?", ko yake ƙure ƙarar waya, ko malaminsa ya ce ba ya mai da hankali a aji, a duba kunnensa kafin a ce taurin kai ne.

Auduga ba ta tare ƙara yadda ake zato. Akwai matoshin kunne na soso da ake samu a manyan kantunan magani, kuma mai koyon fiyano ya kamata ya mallake shi. Abin saurare na kunne kuma kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar wayar.

Kada a ɗiga man ja, ko ruwan albasa, ko wani haɗi a kunnen da ke ciwo. A fara da asibitin da ke kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai sashen kunne a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

To, me za ki ce masa?

Maganar hukuncin kiɗa a addini fage ne na malamai, kuma gidajenmu sun bambanta a kan abin da suke bi. Wannan ke da maigida da malaminku za ku zauna a kai. Idan gidanku ya tsaya a kan a'a, a gaya wa yaron dalili cikin mutunci, a kuma nema wa basirarsa wata ƙofa. Yaron da kunnensa ke kama sauti da wuri yakan yi fice a ƙira'a, da rubutacciyar waƙa, da koyon harsuna.

Idan kuwa kun ga za ku bar shi, to kada a bar shi shi kaɗai. Hani na ƙarfi sau da yawa ɓoyo yake haifarwa, kuma abin da ake yi a ɓoye shi ne ba ki da iko a kansa. Ki san wanda yake koya masa, da sunansa da gidansu. Maigida ko kawunsa ya je ya ga wurin da idonsa: su wa ke zama a can, ƙarfe nawa ake tashi, me ake sha. Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce, domin mun san yadda maganin tari mai kodin ya yi wa matasan Arewa illa har gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018, ga kuma ƙwayoyi da har yanzu suke yawo. A yi sharaɗi a fili: karatun boko da na islamiyya suna gaba, kiɗa yana bayansu, kuma magariba a gida take yi masa. A haɗa masa da sana'ar hannu, kamar yadda St. Cyr ya riƙe aikin gininsa, domin kasuwar waƙa yau ta cika gobe ta watse. Ki riƙa sauraron abin da yake haɗawa. Uwa tana da ikon cewa wannan kalma ba ta dace da gidanmu ba.

Sannan ki ƙara masa da abu ɗaya da ba zai samu a situdiyo ba. Idan akwai dattijo a danginku ko a garinku da ya iya gurmi, ko molo, ko kalangu, ki tura yaron ya gaishe shi, ya zauna da rana ya ga yadda ake zaɓen ƙoƙo, yadda ake jan fata, yadda ake ɗaure tsirkiya. Ya ɗauki muryarsa a waya da izininsa. Ke ma kina da naki: waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da kika ji a bakin kakarki, idan ba ki rera wa 'ya'yanki ba, babu memorin da za su same su a ciki.

Mutanen da aka raba da ƙasarsu da ƙarfi sun riƙe sanin duma da fata har ya zama abin da duniya ke tafa wa. Mu da muke zaune a gidan da abin ya fito, bai kamata a ce a hannunmu ya ɓace ba. Ranar da yaronki ya sake ɗaukar gwangwani da kara, kafin ki ce ya ajiye, ki tambaye shi wa ya koya masa, ki kuma ce ya kaɗa ki ji.